Ƙafar Motar Yusha'u

La'asar ce sakaliya a Malali, rana ta yi ja a bayan katanga. Safara'u tana tankaɗen gari a ƙofar kicin, maigidanta Yusha'u kuma yana kwance a ƙarƙashin motarsa, ƙafafunsa kaɗai ake gani.

Yusha'u direba ne, Bakatsine, yana jigilar fasinja daga Kawo zuwa Zariya. Yana son motar nan har matarsa takan ce da mota tana cin tuwo, da ita za a fara zuba wa. Kwanakin nan ƙafar gaba ta dama ta dame shi da ƙara, ko ƙaramin rami ya faɗa sai ta ce ƙiii-ƙaƙ, kamar tsohon ƙyaure. Bakanike ya ce bushin ne ya cinye, wato robar da ke cikin ƙarfen da ke riƙe da taya. Shi kuwa a ganinsa babu hannun da ya isa ya taɓa masa mota sai nasa, don haka ya sayo sabo ya ce a gida zai yi.

Ya ɗaga motar da jak, ya tokare ta da bulo, ya cire taya, ya kwance ƙarfen. Amma tsohuwar robar ta ƙi fita. Ya buga da guduma har zufa ta jiƙa masa riga, ko motsi ba ta yi ba. Sai ya tuna dabarar 'yan gareji. Ya ja ƙarfen zuwa bakin kwata, ya tsiyaya masa fetur.

"Baban Mardiyya, almuru ta yi fa," in ji Safara'u. "Ka bari sai da safe."

"Yanzu zan gama," ya ce, ya ƙyasta ashana. Haushi ya cika shi, bismillah ma ba ta zo bakinsa ba.

Robar ta kama, ta narke, tana ɗiga da wutarta cikin ramin kwatar. Can ƙasa wani abu ya yi ƙara siririya, irin ta jariri in an tsikare shi. Kajin gidan suka yi tsit. Yusha'u ya ce mage ce, ko da yake su ba su da mage.

Ana kiran sallar magariba dutse na farko ya faɗo a kan kwanon ɗaki. Yusha'u ya leƙa waje da zagi a bakinsa, layin babu kowa. Wani dutsen ya sake faɗowa, wannan karon a gaban ƙafarsa, kuma da ya ɗauka sai ya ji shi da zafi kamar daga murhu aka ciro shi. A lokacin ne Mardiyya, 'yarsu ɗaya tilo, mai shekara goma sha huɗu, ta fito daga banɗaki da buta a hannu, ta yi taku biyu, ƙafarta ta dama ta lanƙwashe, ta zube.

Asibiti suka ce ba su ga komai ba. Ƙafar dai ta ƙi ɗaukarta, kullum tana ƙara sanyi tana ƙanƙancewa. Da rana yarinyar lafiya lau take magana. Amma da zarar inuwa ta rufe tsakar gida, sai jifa ta fara, sai warin ƙonanniyar roba ya cika ɗaki, ita kuma ta juya fuska bango tana rarrashin wani da ba a gani, da muryar da ba tata ba. Tsoro ya hana Safara'u zubar da ko ruwan wanke-wanke. Yusha'u bai ƙara kallon motar ba, tana nan kan bulo yadda ya bar ta.

Wani abokin aikinsa ya kawo musu Malam Bawa daga Rigachikun, dattijo marar yawan magana. Ya iso gab da magariba, ya tsaya ya daɗe yana duban bakin kwatar da ya yi baƙi, sannan ya shiga ɗaki ya zauna kusa da kan yarinyar ya fara karatu a hankali. Jifa ta tsananta, sannan ta tsaya cak. Mardiyya ta buɗe ido, babu baƙin ƙwayar idon, sai fari.

"Ya isa, Malam, kana ƙona ni," in ji wata murya mai kauri, ta tsohuwar mace.

"Wace ce ke, baiwar Allah?"

"Maƙwabciyarsu ce. Mun riga su zama a nan, tun wurin yana fadama. Matar gidan ba ta taɓa zubar da ruwan zafi ba sai ta ambaci Allah, kullum muna ji muna matsawa. Shi kuwa ya zubo wa ɗana wuta yana barci. Ƙafarsa ta tafi."

Safara'u ta toshe bakinta da mayafi.

"Bai sani ba," in ji Malam. "Yarinyar kuma ba ta yi miki komai ba. Ki ji tsoron Allah ki fita."

"A yanka mini baƙin bunsuru."

"Ba a yanka wa kowa sai Allah. Kin sani."

"To ƙafa ya ƙona, ƙafa zan ɗauka daga gidan nan. Na rantse, kuma ba na warwarewa."

"Ki ɗauki tawa!" Yusha'u ya faɗa yana kuka. "Don Allah ki ɗauki tawa!"

"Taka ba ta yi wa ɗana daidai ba."

Malam Bawa ya sunkuyar da kai, can ya ɗago.

"A kan ƙafa kika rantse, ba ki ce ta mutum ba. Ƙafar motar da aka yi ɓarnar dominta tana tsakar gida, an riga an cire ta. Ita ce mai laifin."

Muryar ta yi wata dariya da ta sa fitilar ɗakin rawa. Sannan fararen idanun suka juyo kan Yusha'u.

"Na karɓa. Amma ba za a sa mata wata ba. Yadda ɗana ya zauna, haka za ta zauna, ba sayarwa, ba gyara. Ka yarda, direba?"

Motar nan ita ce gonarsa, ita ce abin taƙamarsa a tasha. Ya dubi ƙafar 'yarsa da ta koma siririya kamar muciya.

"Na yarda," ya ce.

Malam ya kama babban yatsan ƙafar yarinyar ya ci gaba da karatu. Ƙafar ta yi karkarwa, ta miƙe, yatsan ya yi ƙas. Mardiyya ta yi atishawa, ta dubi uwarta ta ce, "Umma, yunwa nake ji."

Da gari ya waye, ƙarfen da aka bari a bakin kwata ba ya nan.

Yanzu Yusha'u motar wani yake ja. Tasa tana tsakar gida kan bulo, ƙafa uku, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta, sabon bushin ɗin kuma yana kan kujerar gaba cikin ledarsa. Masu sayen tsofaffin ƙarafa sun gaji da sallama. Mardiyya tana zuwa makaranta da ƙafafunta, har tsalle take yi a hanya.

Sai dai in almuru ta yi, mutanen gidan sukan shige ɗaki su ja ƙofa. Daga bakin kwata ake fara jin sa, a hankali, yana zagaya tsakar gida: taku ɗaya mai laushi, na ƙaramin yaro, ɗayan kuma ƙiii-ƙaƙ.