Baƙin Tabo a Jikin Famfo

Ruwayoyi uku na ji game da abin da ya auku a gidan Injiniya Ƙasimu a Wudil, cikin watan Maris na 1976. Na riƙi ta Ƙasimu, domin shi kaɗai ya rubuta ranaku, kuma shi kaɗai ya ɗora wa kansa laifi.

Aikinsa shi ne binciken famfunan ban-ruwa kafin a kai su gonakin bakin kogi. Yakan zuba tafasasshen ruwa cikin gangar famfo, ya dube ta da wata na'ura mai nuna zafi a allo. Lafiyayyen ƙarfe fari yake fitowa bai ɗaya. Inda ya tsage kuwa, komai lungunsa, sai launi ya bambanta.

Ran Talata ya zo gida da na'urar da wata ganga da ta daɗe a yashe cikin ciyawa. Dab da magariba ya kwarara mata ruwa, bai yi bisimilla ba. Wani baƙin tabo mai sanyi ya bayyana a allo. Ya sake zubawa, tabon ya koma wani lungu. Tsaga dai ba ta tafiya. Ya zuba na uku don ya tabbatar.

"Maigida, ana kiran salla, kai kana dafa ƙarfe?" in ji matarsa Hansai.

Nan take duwatsu suka fara sauka kan kwanon ɗaki. 'Yarsu Lubabatu, mai shekara tara, ta faɗi tana ihun jikinta na ƙuna, alhali ko ɗigo bai taɓa ta ba.

Kwana huɗu ba ta ci ba. Ran Asabar Malam Halliru na Indabo ya zo, ya yi ta karatu a kanta har muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Ɗana ke barci cikin gangar. Zubin fari mun yafe, bai sani ba. Na biyu da na uku fa? Yana kallonsa yana gudu, Malam! Wai shi mai ilmi."

"Yarinyar ba ta zuba kome ba. Me kike so ki fita?"

"Idon uban."

"Ba za ki samu ba."

Tsohuwar ta sassauta.

"To, idon na'urar."

"Malam, ta ma'aikata ce," in ji Ƙasimu. "Kora ta za a yi."

Ƙasimu ya dubi 'yarsa, ya ɗauki taɓaryar Hansai, ya tarwatsa gilashin na'urar. Lubabatu ta yi atishawa, ta ce, "Inna, ƙishirwa nake ji."

An sallame shi daga aiki ran biyu ga Afrilu.

Waɗanda suka halarta: Malam Halliru, Ƙasimu, Hansai, da maƙwabtansu Gwadabe da Maikano.