Rumbu Marar Baki

Littattafaina sun ce taska iri uku ce. Akwai baitulmali, inda ake tara zakka domin mabuƙata. Akwai taskar gwamnati, wadda kowa ya san ƙofar shigarta, ta fitarta kuwa sai 'yan kaɗan. Akwai ta banki, mai fara'a ranar ajiya, mai ɗaure fuska ranar cira. Ta huɗun ba a littafi na same ta ba. Wan matata Usmanu ne ya koya mini ita, kuɗin makarantar kuwa matata Hamida ce.

Usmanu shi ne ma'ajin masallacin unguwarmu a Birnin Kebbi. Bayan girbi manoman Zauro da Ambursa kan kawo zakkar shinkafa, ya kulle a ɗaki, makulli a wuyansa. Shekara tara yana gadin abincin wasu, gonarsa kuwa ambaliya na cinyewa. Ba ɓarawo ba ne. Ya dai gaji da jin ƙamshin abin da ba nasa ba.

Wata Juma'a, lokacin da jama'a ke sahu, ya hau babur zuwa wurin wani boka a bakin gulbi bayan Argungu. Shi ya ba ni labarin da bakinsa, ranar sadakar uku.

Bokan tsoho ne, farcensa baƙi. A gabansa akwai ɗan rumbun laka, tsawonsa bai wuce gwiwa ba, an shafe shi da jini da gashin kaza, an kifa masa ƙoƙon kan giwan ruwa. Rumbun ba shi da baki ko ƙofa. Rana na tsaka, amma ƙasar wurin sanyi ƙalau, kuma ko ƙuda ba ya sauka.

"Ma'aji, ka zo da abin da nic ce?"

Usmanu ya miƙa mudun shinkafar zakka. Tsohon ya zuba a kan rumbun. Ko ƙwaya ba ta faɗo ƙasa ba, lakar ta shanye.

"Wagga taska ba ta zama wofi," in ji boka. "Abin da ka ɗiba, sai an maida."

"Da mi za a maida, Baba?"

"Da wanda yac ci."

"Ɗiyana hwa?"

"Kai ad da makulli. In ba ka ba su ba, mi ya haɗa ni da su?"

"In na sai da ma baƙi?"

Tsohon ya yi dariya. "Baƙo ma ɗan wani na. Amma wannan ba damuwarka ba ce, ko?"

Usmanu ya yi shiru. Shirun nan shi ne sa hannunsa.

Daga ranar ɗakin ajiyar gidansa bai sake raguwa ba. A kwashe da safe, da la'asar ya cika. Ya sayi mota, ya ɗora bene, aka fara ce masa Alhaji tun bai je ba. Doka ɗaya ya kafa: ba a dafa shinkafar ɗakin nan a gidansa. Ta cin gida daga kanti ake sayowa. Tasa kuwa sai kasuwanni masu nisa, ta hannun dillalai. Can wajen Augie aka riƙa jin gida guda ya kwanta bai tashi ba. Aka ce ruwan sha ne.

Abin da ya manta, shinkafa yawo take yi. Dillali ya sayar wa dillali, buhu ya canja, ta komo kasuwar garinmu. Sana'ar Hamida kuwa gumi: ta sayi shanshera, wato shinkafa mai ƙaiƙayi, ta turara, ta shanya, ta kai inji. Al'adarta, tukunyar farko ta sabon gumi ba ta sayarwa ba ce. Sai ta dafa, ta ɗanɗana, ta kai kwano gidan yayanta.

Da kanta ta kai, ranar Alhamis. Usmanu ya dawo ya tarar matarsa Asiya da 'ya'yansa biyu suna suɗe hannu.

"Yaya, ga naka na rufe ma," in ji Hamida. "Tunda kay yi kuɗi ka raina tuwonmu."

Ya buɗe kwanon. Ya ce mini ƙamshin lakar nan ya ji, mai sanyi.

Ni ina azumi, ina karatu. Na ce a ajiye mini.

Hamida ta rasu kafin la'asar. 'Ya'yan suka bi ta kafin magariba. Asiya ta rayu, in za a kira hakan rayuwa: tana zaune tana zuba ƙasa a mudu tana juyewa. Usmanu ya koma bakin gulbi, bai tarar da tsohon ba. Rumbun dai na nan, ya kai tsawon ƙirjinsa.

Yau yana yawo tsakanin tasha da kasuwa, makullai a wuya, yana fizge abinci daga hannun mutane yana ihu kada su ci. Benen ya tsage, ba mai saye.

Sauran gumin Hamida, rabin buhu, yana ɗakina. Ba na sayarwa. Ba na ba kaji, don ana cin kaji. Ba na zubawa a gulbi, don ana cin kifi. Na gwada wuta, ta ƙi ci. Ni ne ma'ajinsa yanzu, ba albashi, ba ranar sauka.

Kai da aka ba makullin amana, in ranka na raya maka wata taskar da ba ta ƙarewa, ka tambayi da me ake cika ta. In an ce da baƙi, ka zo in nuna maka kabarin baƙuwar.