Fitilar Da Aka Liƙe

Motar ce ta riga ta yin sallama. Tun daga kwanar layin take tari tana fizga, da ta iso bakin garejin kuwa sai ta yi wani tsalle ta mutu, saura ƙiris ta kwashe bencin masu jiran gyara.

Bakaniken ya fito daga ƙarƙashin wata motar yana goge hannu da tsumma. Ya dubi motar, ya dubi budurwar da ta ƙanƙame sitiyari idonta ya yi rau-rau, ya ce, "Sannu Direba. Ke kika kawo ta ko ita ta kawo ki?"

Ta galla masa harara. "Malam, in gyara za ka yi ka yi. Yara na jirana a aji."

Malamar firamare ce, ita ce babba a gidansu, motar kuma ta Babanta ce. Shekara talatin Baba yana hawan babur zuwa aiki, rana da ruwa, sai da ya yi ritaya ya sayi wannan ta hannu, sati uku ke nan. Idonsa ya yi rauni, don haka ita ke jan sa. Amma wanki kam ba ya bar wa kowa, kullum da safe shi ke goge abarsa har cikin taya.

Bakaniken ya tayar da motar, ya buɗe bonet. Ya ɗauko wani dogon sukudireba, ya ɗora bakinsa a jikin inji, ya kara mariƙin a kunnensa, ya lumshe ido.

"Ikon Allah," ta ce. "Likita ne kai?"

"Na motoci."

Shi ke nan suna ya bi shi.

Ya kashe injin, ya kwance murfin baƙin mai ya juya mata cikinsa. "Kin ga wannan fari-farin kamar madara? Ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba." Ya zaro ma'aunin man giya ya miƙa mata saitin hanci. Ta kawar da kai, ƙauri ne kawai ke tashi. "Man giya ja ne, wannan kuwa baƙi ƙirin, ga kauri. Amma ba zan yanke hukunci yau ba. Mota mai zafi ƙarya take yi. Gobe kar kowa ya taɓa makulli sai na zo na ji ta da sanyinta."

Washegari ƙarfe bakwai yana ƙofar gidansu. Da ta tayar, injin ya kama karkarwa, farin hayaƙi ya turnuƙe daga salansa. Ta sa giya, motar ta yi shiru kamar ba ta ji ba, can sai ta zabura. Likita ya dubi Baba cikin ladabi ya ce gasket ɗin da ke raba ruwa da mai a cikin inji ya ƙone, giyar ma ta ci jiki, kuma ba jiya ba ne abin ya fara.

Baba ya haɗe rai. "Ɗan aminina ne ya sayar min. A gabana ya girma."

Da Baba ya shiga gida, Likita ya sunkuyo ta taga. "Direba, murɗa makulli rabi, kar ki tayar. Ƙirga fitilun nan."

"Batir. Mai. Birki. Bel."

"A kusurwar hagun nan akwai wata ruwan ɗorawa, ta inji. Dole ta kama, in an tayar ta mutu. In ta ƙi mutuwa, akwai ciwo. Taki ko kamawa ba ta yi. Wani ne ya rufe mata baki."

Ɗan aminin Baban nan dillalin motoci ne, kuma ya daɗe yana nemanta, ita ce dai ba ta ba shi fuska ba. Da aka gaya masa batun hayaƙin, dariya ya yi ya ce fulogi ne kawai, bakanikai ai ba sa rasa abin faɗa. Baba ya yarda, aka ci gaba da hawa.

Sai dai hanyar makarantar Malama ta koma bi ta gaban gareji, alhali ba ta nan take ba. Yau a ƙara ruwa a lagireto, gobe a duba iska. Ya ware mata kujera ɗaya mai tsabta da ba mai zama a kai. Tana maki a littattafan yara, yana aiki, suna hira har a kira la'asar.

Ta rubuta masa: "Likita, marar lafiyarka ta shanye ruwan gora guda yau. Tana gaishe ka."

Ya amsa: "Direbata, ki ce ina duba ta. Ke kuma kar ki wuce sittin, idonki a kan allurar zafi. In ta haura rabi ki tsaya ki kira ni, ko ina nake zan zo. Ba motar nake ji ba."

Ta karanta saƙon nan ya fi sau goma. Cikin wata biyu har ya gaya wa mahaifiyarsa yana son ta, ita ma ta raɗa wa Umma.

To, so ne ya sa shi kuskure. Kullum ya ga ta fita da motar nan gabansa faɗuwa yake. Ran nan ya kasa daurewa, ya tsiyaye baƙin man giyar nan ya zuba sabo mai kyau, bai tambayi Baba ba. Ashe wannan kaurin da aka ɗura shi ke riƙe da giyar da ta riga ta cinye. Da ya gaya mata ya canza, har godiya ta yi masa.

Kwana uku bayan nan, tana kai Baba asibitin ido, a tsakiyar mahaɗar titi giya ta sake gaba ɗaya. Ta taka totur, inji na ihu, mota ko motsi. Hon ta ko'ina, wani direban bas ya leƙo ya ce, "Tsoho, ka mai da gwangwaninka gida!" Baba ya fito da kansa yana turi da fararen kayansa. Da ƙyar suka isa gida da ita.

Da yamma Likita ya zo a guje, ya tarar da Dillali ya riga shi, yana tsaye kusa da Baba yana kaɗa makullai.

"Baba, ni na canza man," Likita ya ce, ya durƙusa. "Laifina ne da ban tambaye ka ba. Amma giyar dama a mace take, an zuba mata mai kauri ne don ta kai ranar ciniki. Fitilar inji ma an liƙe ta."

"Ka ji ko, Baba?" in ji Dillali. "Mota lafiyarta ƙalau na kawo ta. Wata biyu tana kwana tana tashi a hannunsa. Shi ya san inda fitilar take, shi ya liƙe ta, don ya ɓata ni a gidan nan ya samu shiga."

Baba ya nuna hanya da sandarsa. "Ka lalata min mota, ka sa an zage ni a titi, sannan ka zo kana neman 'yata? Kar in ƙara ganin ƙafarka a nan."

Likita ya juya ya dubi Malama da ke tsaye bakin ƙofa. Ita kuwa kanta ya ɗaure, ga Baba yana rawar murya, ga shi kuma da bakinsa ya amsa ya taɓa giyar. Sai ta ji bakinta ya ce, a gaban kowa, "Likita, don Allah ka gaya min gaskiya. Ka taɓa buɗe wajen fitilun nan?"

Wayyo. Da ta mare shi da ya fi sauƙi.

Ya daɗe yana kallonta. Ya ciro makullin motar na biyu da ta ba shi ajiya, ya ɗora a kan bonet, ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Aka tura motar ƙarƙashin bishiyar ƙofar gida aka lulluɓe ta da tamfol. Dillali ya yi alkawarin zai turo mai gyara, yau ne, gobe ne, shiru. Zuwa zance dai bai fasa ba, ita kuma ba ta fita ko sau ɗaya ba. Baba ya koma tare motar haya. Wata safiya ta hango shi ya ɗaga tamfol yana goge gilashi da hannun rigarsa, ta koma ɗaki ta yi kuka mai isarta.

Ta rubuta: "Likita, ka yi haƙuri. Tambaya kawai na yi."

Shiru.

Bayan sati: "Ko harafi ɗaya ka turo in san kana lafiya."

Sai da aka kwana biyu amsa ta zo. "Lafiyata ƙalau, Malama. Na canza mai ban nemi izini ba, wannan na ɗauka. Sauran ban yi ba. Da Baba ya zarge ni ban ji zafi ba, bai san ni ba. Ke kin san ni. Allah ya haɗa ki da wanda ba sai kin tambaye shi ba."

Malama. Tun ranar farko bai taɓa kiranta haka ba. Ta kifa wayar a kan tebur, yara na ta karatu da ƙarfi, ita kuwa allo ma ba ta gani. Ta rame, ta daina hira. Umma ta ce, "Yarinyar nan, abincin ma gaba kike da shi?" Hanyar makaranta ta koma ta da, amma duk babur ɗin da ya wuce sai ta waiga.

Shi ma can ba daɗi. Ya ɗaga kujerar nan ya kife ta a kan tulin tsofaffin tayoyi. Sau biyu yana ɗaure noti ya manta ya sake kwancewa.

Wata biyu haka. Ran wata Asabar da hantsi ta zauna ta ce bari ta goge komai nasa daga wayar, ko zuciyarta ta huta. Tana ja baya cikin hotuna, ta wuce gareji, ta wuce kujerar, sai ga wani bidiyo da ta manta da shi, na ranar da aka kawo motar.

Ita ta ɗauka daga kujerar gefe. Ga Baba a mazaunin direba yana dariya. Ga muryar Umma tana addu'a, ga Dillali a taga yana cewa, "Murɗa kawai, Baba." Baba da bai saba ba ya murɗa rabi ya tsaya yana tambaya ko ta tashi. Fitilu suka kama.

Ta tsayar da bidiyon. Batir. Mai. Birki. Bel. Kusurwar hagu baƙi ƙirin. Kwanan watan kuma na jiki, sati uku kafin ta san akwai wani gareji a layin can.

Ta fito ko ɗankwali babu. "Baba! Baba, duba nan!"

Baba ya kawo wayar dab da hancinsa, ya kalla sau uku tana nuna masa da yatsa tana hawaye. Ya kira Dillali a waya ya gaya masa abin da ya gani. Dillali ya kama in-ina, wai shi ma haka ya saye ta.

"To me ya sa ka ɗora wa ɗan mutane?" Baba ya kashe wayar. Sannan ya ce, "Na ci mutuncin yaron nan a ƙofar gidana. A nemo janwe a ja motar zuwa garejinsa."

Likita na wanke hannu ya ga an jawo motar, Baba na saukowa a hankali. Ya taho da sauri zai durƙusa, Baba ya riƙe kafaɗarsa. "Ni ne da durƙuso yau, ɗana. Ka yafe min."

"Baba, don Allah bari. Ni ma na yi shisshigi."

A gabansu ya kwance dashbod ya zaro allon fitilun. Ga baƙin salatif nan a liƙe, ya bushe, ƙura ta hau kansa. Ya ɓare, ya mayar, ya murɗa makulli. Fitilar ta kama.

Baba ya ja gefe ya zauna a benci, wai ƙafarsa ce ke ciwo. Malama ta matso kusa da Likita. "Sai da waya ta gaya min na yarda. Wannan ne ke cin raina. Wallahi ba zan ƙara tambayarka ba."

Ya daɗe yana juya salatif ɗin a yatsunsa, idonsa ya kaɗa. "A'a, ki tambaya. Amma ki ja ni gefe, ni da ke, in buɗe miki ki gani. Na sha wuya, Direba."

Da jin sunan sai kuka ya ƙwace mata. Ya je ya sauko da kujerar ya karkaɗe mata.

Sati uku ya yi a kan motar. Ya sa sabon gasket, ya sauke giya ya gyara ta ciki da bai, kuma ko noti bai taɓa ba sai ya kira Baba ya tambaya, har Baba ya ce, "Kai, ka ishe ni, yi abin da ka gani!"

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Baba ya ce ba motar da za ta ɗauki 'yarsa sai tasa, shi ya wanke ta da safe. Ango ya zauna a mazaunin direba, ya riƙe makulli, ya dube ta.

"Ƙirga min, Direbata."

Ta ɗaga mayafi kaɗan. "Batir. Mai. Birki. Bel. Inji."

Ya tayar. Su biyun suka zuba wa kusurwar hagu ido, fitilar ta ɗan jima, ta mutu.

Baba ya dafa tagar, hawaye na bin gemunsa. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. In wani abu ya dame ku, ku faɗa wa juna tun yana ƙarami."

"Amin, Baba."

"Kuma gobe ƙarfe takwas a dawo min da motata, ina da ganin likitan ido."