Matattun da Ke Karɓar Allura

An kama kwalaben allurar ciwon suga a kasuwa, ɗauke da hatimin asibiti, kuma kafin Sufeton 'yan sanda ta iso an gama yanke hukunci: Baba mai sito ne ɓarawo. Shekara ashirin da bakwai yana riƙe da makullin, saura wata huɗu ya yi ritaya. Ta same shi kan benci, hula a hannu, ya kasa ɗaga kai.

Shugaban sashen magani ya tarbe ta da zaƙin baki. Ya rantse duk kwalbar da ta bar hannunsa tana da sunan majiyyaci a kwamfuta, in ta ga dama ta duba. Ai kuwa ta ga dama.

Ma'aikaciyar bayanai ta buɗe mata rumbun bayanan a kwamfuta. Layi dubu tara, kowanne da suna, da ranar ba da magani, da sa hannu. Ta ce masu bincike biyu sun bi kowane jerin tsaye shi kaɗai, ba su ga aibu ba.

Ba kasafai ake samun mace mai natsuwar Sufeto ba. Ta ɗora yatsa kan wani jeri can gefe.

"Wannan fa, ƙanwata?"

"Ranar rasuwa ce, ranki ya daɗe. Ofishinmu ke cikawa, sai ƙarshen wata."

"Haɗa min shi da ranar ba da magani. Tace duka, ki bar inda aka ba mutum allura bayan ya rasu."

Ma'aikaciyar ta danna. Dubu tara suka koma arba'in da ɗaya, duk sa hannu ɗaya, na shugaban sashen magani. Ma'aikaciyar ta riƙe baki.

Aka kira shugaban. Da farko ya ce kuskuren na'ura ne, can kuma ya ce dangi ne ke zuwa karɓa. Sufeto ta karanto masa wata tsohuwa da ta karɓi allura sau tara bayan jana'izarta. Nan ya amsa laifinsa. Ya ce allonsa ba ya nuna jerin rasuwar, bai ma san ana cika shi ba.

Da aka zo wucewa da shi cikin ankwa, Baba ya miƙe ya tare shi.

"Ranar da aka ce ni ne ɓarawo, kai ne fa ka raka ni gida ka ba matata haƙuri."

Shugaban bai iya kallonsa ba.