Igiyar da Ke Ƙugun Baba Akanmu

Ruwan ya ɗauke tun jiya da magariba, amma har safiyar Laraba unguwar Isale-Odo da ke Ibadan tana warin laka. Ƙarfe bakwai aka bugo waya ofishin 'yan sanda cewa an ga gawa a bakin babban kwalbati.

Insifekta Morenike Oyelaran ta tarar an fito da shi an lulluɓe da zane. Tsoho ne mai kimanin shekara saba'in, daga shi sai singileti da gajeren wando. Sunansa Baba Akanmu Fagbemi, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa.

Kowa cewa yake santsi ne ya kwashe shi. Ita kuwa ta tsuguna tana duban igiyar da ke ɗaure a ƙugunsa. Ƙullin na wanda ya shirya shiga ruwa ne. Ɗaya bakin igiyar kuma ba tsinkewa ya yi ba, yankan wuƙa ne, sumul.

'Yarsa Abeke tana zaune a ƙofar gidansu, ƙofar da aka shafa wa jan fenti. Ta ce duk shekara ƙungiyar masu gidaje tana yanka wa kowane gida naira dubu goma sha biyar, don a yashe babban lambatu kafin damina. Fanshon Baba ya maƙale, aka biyo shi bashin shekara biyu, aka zo aka yi masa wannan alama. Tun daga ranar bai ƙara zama a waje shan iska ba.

"Jiya me ya ce miki da zai fita?"

"Ya ci amala bayan azahar, ya ɗauki shebur. Ya ce yau zai wanke ƙofarsa."

Abeke ta miƙo rigar da ya rataye. A aljihu akwai rasit na dubu talatin, da kwanan watan jiya da hatimin ƙungiya.

"A ina ya sami dubu talatin?"

"Anti, garin da ya ci jiya ma bashi na karɓo."

Shugaban ƙungiyar, Alhaji Rasaki Olaniyan, ya rantse bai san wanda ya shafa fentin ba, har sai da Sajen da ke tare da Insifekta ya zaro gwangwanin fentin daga bayan janaretansa. Nan ya sauke murya. Fenti dai shi ya sa a shafa, amma jiya yana shagonsa a kasuwa har ruwa ya ɗauke, kuma akwai shaidu. Ya ce ba a shiga lambatu da shebur a unguwarsu, katafila suka yi haya, an ma biya.

Insifekta ta nuna masa rasit ɗin. Ya ce sa hannun ma'aji ne, Pa Ishola Ogunrinde.

"Amma kada ki ɓata lokacinki a kansa. Shekara arba'in suna buga dara tare da marigayin. Ko kaza ba ta shiga tsakaninsu."

A mota ta kira mai katafilar. Mutumin ya yi dariyar takaici, ya ce ko kwabo bai gani ba. Tun watan Maris ma'aji yake ce masa mako mai zuwa.

Ta sami Pa Ishola shi kaɗai a falo, ƙarƙashin hoton matarsa da ta rasu a watan Fabrairu. Ta rusuna ta gaishe shi yadda ake gaida uba. Ya amsa ba tare da ya fito da hannayensa daga cikin babbar riga ba. Ya ce zazzaɓi ya kwantar da shi tun shekaranjiya, ko ƙofa bai leƙa ba.

"Da zazzaɓin kuka rubuta wannan, Baba?"

Ya ce Akanmu ne ya kawo kuɗin har gida.

"To ku karɓa ku duba mini, ko hatimin na gaske ne."

 Da ya miƙo hannu, tafin duk ya sale, jan nama a fili, irin saɓar da igiya ke yi in ta zame da ƙarfi.

 Insifekta ta jawo kujera ta zauna kusa da shi.

A hankali ya fara magana. Kuɗin katafila, dubu ɗari takwas, jinyar matarsa ta cinye. Ya yi ta sa ran 'ya'yansa za su aiko ya mayar, damina ta riga su. Da ya ga hadari na haɗuwa kuma kwalbati a toshe, ya san in ruwa ya shiga gidaje asirinsa ya tonu. Sai ya je wa Akanmu da shawara: ya shiga ya buɗe bakin kwalbatin, shi kuma ya rubuta masa rasit. Akanmu har godiya ya yi.

"Na ɗaure ɗaya bakin igiyar a ƙuguna. A nan ko ɗigo ba a fara ba, ashe an yi ruwa a tudu. Yana cire wata tsohuwar katifa, sai ruwa ya taho gaba ɗaya. Na ja, 'yata, Allah ya sani na ja. Ya fara jana har gwiwata ta kai baki."

"Sai kuka fito da wuƙa."

"Yana kallona. Bai ma kira sunana ba."

"Me ya hana ku yi ihu a kawo ɗauki?"

Ya sunkuyar da kai. "Da an tambaye ni ina katafila."

Saje ya ciro ankwa, ta girgiza masa kai. Hannayen ba za su ɗauka ba. Ta taimaka wa tsohon ya sa takalmi, ta kulle masa gida da kanta.

Hanyar fita unguwar ɗaya ce, ta gaban gidan marigayin. An kafa rumfa, mata sun fara taruwa. Abeke ta hango Pa Ishola a bayan mota, ta taso da sauri ta durƙusa a gefen taga, don ba wanda ya gaya mata tukuna.

"Baba, kun ji abin da ya same mu? Ku nake jira ku zo ku tsaya a kan jana'izarsa."

Pa Ishola ya kau da kai. Insifekta Morenike ta ce wa direba ya kashe mota. Ta fito, ta kama hannun Abeke, ta ja ta cikin gida.