Wadda Kansila Ya'u Bai Taɓa Kiran Sunanta Ba

Allah ya raba mu da son abin duniya. Ni Manu mai awon hatsi a kasuwar Jibiya, da idona na ga yadda Kansila Ya'u ya ƙare, kuma har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Tare muka tashi da shi. Ya'u mutum ne mai baki, kai, bakin har ya yi yawa! Da aka zaɓe shi kansila a shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a, ba ya cewa "wasu mutane" kamar sauran 'yan siyasa. Miƙewa yake a majalisa ya ce wane ɗan wane ne ya karkatar da takin manoma, ga gidan da ya ɓoye shi. Da aka tashi korar bokaye ma, shi ya riƙa kama sunayensu ɗai-ɗai a lasifika. Talakawa na tafa masa, manya na cizon yatsa.

Shekara biyu ana haka, abokan aikinsa duk sun hau motoci, shi yana fama da tsohon babur. Manyan jam'iyya suka ce ba za su sake tsai da shi ba. Abin da ya ƙarasa shi kuwa, ranar da ya je ta'aziyya mazaɓarsa, wani tsoho da ya sha tare wa faɗa ya dube shi ya ce, "Kansila, surutu dai mun ƙoshi. Mi ka kawo mana?"

Washegarin kasuwa ya zo ya ce in raka shi ƙetare. Muka wuce shingen iyaka na Magama, muka gaisa da jandarmomin Nijar, muka saki kwalta muka bi burtali. Rana tsaka muka isa gindin wata tsohuwar kuka da aka naɗe da jan ƙyalle da baƙi. A ƙasanta akwai wani tulu binne har wuya, bakinsa ya yi baƙi ƙirin da busasshen jini, gashin kaza ya manne masa. Duk ƙarnin wurin nan babu ƙuda ko ɗaya. Mai wurin na zaune kan buzun baƙin bunsuru. Ina ganinsa na gane shi, yana cikin bokayen da Ya'u ya sa aka kora.

Bokan ya ce, "Maraba da mai lasifika."

Ya'u ya sunkuyar da kai. "Abin da ya wuce tsakaninmu..."

"Bar wanga zance. Mi kake so?"

"Dukiya. Irin wadda in na yi magana dole a ji."

"Mai kukar nan ba ya cin kaza a kan irin wagga buƙata. Mutum yake so."

Ya'u ya yi zumbur ya miƙe. "Ban ba da jinina!"

"Zauna. Ba kai za ka zaɓa ba, ba kai za ka yanka ba. Cikin mutanen da ka sani, zai ɗauki wanda bakinka bai taɓa kiran sunansa ba daga haihuwarka zuwa yau."

Sai Ya'u ya fashe da dariya. "Ni? Ni da na kama sunan ciyaman a gaban idonsa? Duk Jibiya wa na bari?"

"To ai ka huta. Tofa yawu cikin tulu."

Ya tofa. Wallahi na ji wani abu ya yi ƙwat a cikin tulun, kamar mutum ya haɗiye lomar tuwo.

Kaico! Da ni da shi, babu wanda ya tuna da Safiyatu. Ita ce ɗiyarsa ta fari, ga shi kuma sunan mahaifiyarsa ta ci. Kunya biyu ke nan. Shekararta goma sha tara a duniya, uban bai taɓa buɗe baki ya kira ta ba, sai dai ya ce "ke", ko "ina mutuniyar?" Alhali duk 'ya'yansa babu wadda yake so kamarta. Ita ke karanta masa takardun majalisa na Turanci, tana yi masa dariya in ya kwaikwaya ba daidai ba.

Kafin damina ta faɗi, dukiya ta zo kamar an ɓalle madatsa. Motocin hatsinsa na tafiya Maraɗi, tankokinsa na fetur suna kai da kawo. Manyan da suka ƙi shi suka zo har zaure suna ba shi haƙuri. Ya sake cin zaɓe, ya zama Alhaji. Maganar taki kuwa ba a ƙara jin ta a bakinsa ba.

Wata Laraba da hantsi Safiyatu na shanya tufafi, muryarta ta ɗauke. Kafin azahar ƙafafu sun ƙi ɗaukarta. Ni na taya su kai ta asibiti. Malamar jinya ta ɗauko kati ta ce, "Alhaji, ya sunan marar lafiya?"

Ya buɗe baki, kunya ta riƙe shi. Ya juya wurin Rabi'a, uwar yarinyar, don ta amsa, ita ma ta kau da kai. Nan na ga fuskarsa ta koma kamar toka. Ya gane. Ya faɗa kan gadon ya riƙe hannunta yana kururuwa, "Safiyatu! Safiyatu! Ga shi na kira ki, Safiyatu!" Ta buɗe ido ta dube shi da mamaki, har ta ɗan yi murmushi irin na jin kunya. Kafin la'asar an rufe ta da zane.

Ashe ba a gama ba. Rabi'a uwargidansa ce, auren saurayi da budurwa, ita ma bai taɓa kama sunanta ba. Bayan sadakar arba'in ta daina magana. Ya riƙa bin ta tsakar gida yana kiran sunanta a gaban yara da baƙi, ita kuwa tana zaune tana ninke zannuwan ɗiyarta tana warwarewa. Ya koma gindin kukar nan da gudu, ya tarar ba boka, ba tulu, sai rami. Da kaka muka kai Rabi'a makwancinta. Surukinsa, wanda shi ma bai taɓa kama sunansa ba, ya bi ta bayan mako uku.

Dangi suka kwashe sauran yaran. Tanka ɗaya ta kama wuta, direbobi suka gudu suka bar sauran suna tsatsa a bakin hanya. Kujerar kansila ma ba wanda ya tsige shi, shi ya daina zuwa.

Yanzu in ka je Magama za ka gan shi tsakanin motoci, ba takalmi. Ba ya roƙon ko sisi. Rigar matafiyi yake kamawa ya ce, "Don Allah mi sunanka?" In an faɗa masa sai ya maimaita sau uku da ƙarfi, ya saki ajiyar zuciya, ya nufi na gaba. 'Yan kamasho na yi masa dariya. Ni ba na iyawa, don da ƙafata na raka shi, kuma ban riƙe shi ba.

Kai mai jin talauci ya ishe ka, kai mai ganin ka fi boka wayo, ka ji tsoron Allah. Ba a zuwa wurin nan a dawo da riba. Abin da suke ɗauka ba shi ne wanda ka yarda ka rasa ba. Ya'u ya sami duk abin da ya roƙa, kuma rana ɗaya tak ɗiyarsa ta ji sunanta a bakinsa.