Doyar da ta ƙi daina girma

A wani ƙauye, shekaru masu yawa da suka wuce, an yi wani manomi mai gonar doya a bayan gidansa. Ran shuka ya tara iyalinsa suka yi addu'a, ya yi wa Allah alkawari cewa doyar da ya fara tonowa ita zai kai coci.

Da kaka ta yi, doyar farko ta fito kamar turmi. Manomi ya dube ta, ya waiwaya hagu da dama, ya mayar mata da ƙasa.

Matarsa ta ce, "Baban Rifkatu, ba ta Ubangiji ba ce wannan?"

Ya ce, "Ba ta ƙosa ba tukuna."

Doya ta ci gaba da girma har ta ture akurkin kaji. Ya ce ba ta ƙosa ba tukuna. Ta ɗaga rumbu, hatsi ya zube. Ya ce ba ta ƙosa ba tukuna. Wata safiya suna karin kumallo, sai ta fasa bangon ɗaki ta tsaya kusa da tukunyar kunu.

Rifkatu ta ce, "Baba, mu ba ta ludayi?"

Manomi ya sunkuyar da kai ya ce, "Ta ƙosa."

Ran Lahadi suka gangara da ita har coci, amma ƙofa ta yi mata kaɗan. Dole aka rushe gefe guda, jama'a duka suka ci suka ƙoshi. Manomi kuwa ya ƙare rani yana kwaɓa ƙasar gina bango biyu, ya kuma fara da na coci.